Dara Ta Ci Gida

Kawuna ya fi shekara talatin yana kasa dara a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu. In ka ji shewa ta tashi bayan la'asar, to shi ne ya cinye wani. Da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, darar nan ce ta fi tsaya masa a rai. Sai ya zauna a gefe yana sauraron ƙarar tsakuwa, can ka ji ya ce, "Wane ne ya yi wannan wautar?" Kuma in ka duba, wautar aka yi.

Ni kuwa da rana shagon buga takardu nake tsarewa, da dare in tasa tsohuwar kwamfutata a gaba ina koyon rubuta manhaja. Linux na ɗora mata, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, don ina cikin masu aƙidar manhaja mai 'yanci, wadda kowa ke da damar leƙa cikinta, ya gyara, ya raba wa jama'a. Richard Stallman ne ya fara wannan kira a Amurka a 1983, ni kuma na karɓe shi da zafin sabon shiga, har ta kai in na doso majalisa abokai sai su tuna suna da uzuri.

Wata rana na bugi ƙirji na ce zan dawo wa Kawu da dararsa a kwamfuta. Na ɗauko Godot, manhajar ƙera wasanni da wasu 'yan Ajantina biyu suka sakar wa duniya a 2014. Gurbi 30, layi biyar kowanne da shida, 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Mako uku na yi ina fama. Amma in faɗa muku gaskiya, mako biyu a zane suka tafi. Na yi wa ƙasar launin rairayi, na yi wa kowace tsakuwa inuwa, har da ganyen dalbejiya da ke faɗowa a hankali daga saman allo. Duk wannan ado na makaho ne, kuma ko sau ɗaya abin bai faɗo min a rai ba.

Ranar nunawa, bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara da manya suka kewaye mu. Na ɗora masa kwamfutar a cinya, na gyara murya.

"Kawu, kama linzamin nan ka danna koren maɓallin da ke tsakiya."

Ya yi shiru, ya shafa gemu.

"Ɗan nan, kore ne?"

"Kore ne shar, Kawu."

"Madalla. Lalle ya yi kyau."

Gwaggo ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. Na naɗe kayana na shige ɗaki.

Na koma na sa komai ya yi aiki da madannan kibiya, na kuma sa kwamfutar ta riƙa faɗin gurbin da aka tsaya a kai. Kuskurena, muryar Turanci na bar mata, na cusa mata Hausa. Da ta zo kan "ka ci" sai ta ce "ka sai", da ta iso "huɗu" kuwa ta yi tuntuɓe da ɗ ɗin, ta furta wani abu da ko ni mai ita ban gane ba. Kawu ya karkata kunne ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Wannan Baturen mura yake yi, ko yau ya sauka a ƙasar?"

Sai na yanke shawarar naɗar muryata. Da daddare janareton maƙwabci ba ya bari, don haka na tashi kafin asuba na lulluɓa da bargo ina rattabo gurabe 30 ɗaya bayan ɗaya cikin waya. Ina cikin faɗin "layi na uku, gida na huɗu" zakaran gidanmu ya rangaɗa cara. Barci ya ci ƙarfina, na ce gobe na gyara.

Don in farfaɗo da mutuncina, na ba Kawu labarin NVDA, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Na ce masa Michael Curran ya fara ta a Ostareliya a 2006, James Teh ya kama masa, dukansu makafi ne, kuma ba a biyan ko sisi kafin a yi amfani da ita.

"To ka ji," in ji shi. "Su ba su gani, nasu ya yi aiki. Kai da idonka biyu ka kawo min kore."

Ya warware rawaninsa ya miƙo min. "Ɗaure idonka ka buga mu gani."

Na ɗaure. Cikin minti biyu na ɓace a wasan da na rubuta da hannuna. Muryata tana ta faɗa min inda nake, amma ba ta faɗin ko gurbin da ɗa a ciki, balle na wane ne. Na lalubi madanni na danna da ƙarfin hali, sai wasan ya rufe gaba ɗaya. Yara suka yi min tafi.

Kwana huɗu na ƙara ina gyara, sannan aka yi karawar gaske tsakanin Kawu da kwamfuta. Abin mamaki, duk gurabe 30 suna cikin kansa, bai taɓa tambayar ina 'ya'yansa suke ba. Zakaran nan ma ya zame masa alama, da ya ji cara ya san yana tsakiyar fage. Ana cikin haka kwamfuta ta jera uku. Gabana ya faɗi don murna, na ce yau dai zan ga an ci Kawu. Sai muryata ta fito daga lasifika da gadara ta ce, "Na ci." Ta ɗauke ɗanta na kanta.

Ashe na rubuta mata ta cire ɗa ɗaya in ta jera uku, ban gaya mata na wa za ta cire ba. Sau uku tana jerawa, sau uku tana cin gida. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Na jawo kwamfutar zan gyara, ya dafe ta da tafin hannu.

"Ba kai ka ce kowa na da 'yanci a kanta ba? To nawa 'yancin shi ne a bar min ita haka. Zakaran ma kada ka taɓa shi. Gobe ka fito da ita gindin dalbejiya, akwai waɗanda nake so su ji yadda nake cin Bature."