Blackwood Brothers da masu cewa saura suna kawai

Tun da Blackwood Brothers, ƙungiyar mawaƙan bishara mai mutum huɗu, ta cika shekara 90 a 2024 nake ta cin karo da magana guda daga bakin masu bibiyar waƙoƙin bishara na kudancin Amurka, har da wasu namu na gida da suka tashi da kaset-kaset ɗinsu. Wai ƙungiyar ta mutu tuntuni, abin da ke yawo daga coci zuwa coci yanzu suna ne kawai, tunda babu ko mutum ɗaya da ya rage cikin huɗun da suka kafa ta a 1934. Wai ranar da James Blackwood ya rasu, a watan Fabrairun 2002, ranar ya kamata a naɗe tabarma kowa ya kama gabansa. Na daure wa maganar nan har dauriyar ta ƙare, domin masu yin ta suna ji da kansu a matsayin masu kishin tarihi, alhali tarihin ne ke ƙaryata su.

A gundumar Choctaw ta jihar Misisipi aka kafa ƙungiyar, cikin tsananin talaucin da ya turnuƙe Amurka a shekarun 1930, a gidan manoman da ke noma gonar wani a raba amfani. 'Yan'uwa uku ne, Roy da Doyle da James, sai na huɗu R.W., ɗan Roy, wato ɗa ne ga sauran biyun. James bai wuce shekara 15 ba, R.W. bai wuce 13 ba. Daga nan suka bi gidajen rediyo, a 1940 suka sauka tashar KMA a garin Shenandoah na jihar Ayowa, a 1950 kuma suka tare a birnin Memfis. Kafin su kai Memfis ɗin Roy da Doyle sun fara ja da baya daga tafiye-tafiye, an ɗauko bare sun zauna a gurabensu. Ke nan a watan Yunin 1954, lokacin da suka ci gasar shirin Arthur Godfrey a talabijin, duk Amurka ta san da zamansu, rabin masu waƙar ba 'yan gidan Blackwood ba ne. Bill Shaw ne ke riƙe da siririyar murya ta sama, Bill Lyles ke riƙe da kakkaurar murya ta ƙasa. Ban taɓa jin wanda ya ce waccan ƙungiyar jabu ce ba.

Ba a rufe wannan watan ba aka yi abin da har yau masoyansu ba sa iya ba da labarinsa ba tare da murya ta karye ba. Ranar 30 ga Yuni suna garin Clanton na jihar Alabama domin yin waƙa a wani bikin gari. Da jirgin sama nasu na kansu suke tafiya a lokacin. Filin jirgin ƙarami ne, babu fitilu, sai R.W. da Bill Lyles suka ce bari su tashi su gwada shi tun da sauran haske, tunda da dare za su bar garin. Wani saurayi ɗan garin ya shiga tare da su. Jama'ar da suka taru domin jin waƙa suna tsaye suna kallo, James yana cikinsu, jirgin ya kasa sauka daidai, ya faɗo ya kama da wuta. Babu wanda ya fita cikin ukun. A yini ɗaya ƙungiyar ta rasa biyu cikin muryoyinta huɗu, James kuma ya rasa ɗan wansa da suka tashi tare kamar tagwaye, tazarar shekara biyu ce kawai tsakaninsu.

Da a ce masu maganar "saura suna" na raye a wancan lokacin, da sun ce a rufe. James da kansa ya so ya bar waƙa. Bai bari ba. Ya ɗauko Cecil, ƙanen R.W., ya zauna a gurbin wansa, ya kuma ɗauko wani dogon mutum daga ƙungiyar Sunshine Boys mai suna J.D. Sumner ya karɓi muryar ƙasa.

To, ga inda nake so masu sukar su tsaya su amsa mini. Sautin da kuke kira na asali, wanda kuke cewa na yanzu ba su kai shi ba, sautin su wane ne? Na James ne da Cecil da Bill Shaw da J.D. Sumner. Mutum ɗaya tak a cikinsu ya ga ranar da aka kafa ƙungiyar, sauran ukun duk maye gurbi suka yi. Wannan zubin ne ya gyara motar safa aka sa mata wuraren hutawa domin doguwar tafiya, abin da daga baya ya zama al'adar mawaƙan Amurka. Su ne suka assasa babban taron ƙasa na ƙungiyoyin mawaƙa masu mutum huɗu-huɗu a Memfis a 1957, taron da har yanzu ake yi duk shekara, yanzu a garin Pigeon Forge na jihar Tenesi. Su aka kira suka yi waƙa a jana'izar mahaifiyar shahararren mawaƙin nan Elvis Presley a 1958, domin tana ƙaunarsu, shi ma ɗan nata tun yana saurayi yake zuwa sauraronsu. Lambobin Grammy takwas da ake lissafa wa ƙungiyar duk bayan hatsarin Clanton suka zo. In da sharaɗin ku aka bi, da duk wannan babu shi.

Na fara jin su ne a gidan wani kawuna da ke da tarin kaset, ranakun Lahadi bayan an taso sujada. Abin da ya kama ni a lokacin shi ne mutumin da ke riƙe da muryar ƙasa, wanda muryarsa ke sa gwangwanin rediyon yana karkarwa a kan tebur, kawu yana ɗaga yatsa alamar a yi shiru duk sanda aka zo wurin da zai nutsa. Shekaru na yi ina zaton mutum ɗaya ne a duk kaset ɗin. Sai daga baya na gane kaset ɗin na zamani daban-daban ne, masu muryar ma daban-daban ne, domin Sumner ya bar ƙungiyar tun 1965 ya koma ƙungiyar Stamps, wadda daga baya ta riƙa yi wa Elvis amshi. Kunnena bai yi kuskure ba. Abin da nake ji gurbi ne, kuma duk wanda ya zauna a gurbin ya san aikin da ake nema a wurinsa.

Haka aka gina wannan salon waƙar tun daga tushe, kuma wannan ne masu sukar ba sa son ji. A 1910 wani mai buga littattafan waƙoƙi a garin Lawrenceburg na Tenesi, James D. Vaughan, ya tura maza huɗu su riƙa zagaya majami'u suna rera abin da ke cikin littattafansa domin jama'a su saya. Da kasuwa ta buɗe ya ƙara wasu huɗun, ya sake ƙara wasu, duk da sunansa suke tafiya. Kamfanin Stamps ma haka ya yi a Dallas, su kansu 'yan Blackwood sun yi masa tallar littattafai a farkon tashinsu. Murya huɗu ce: ta sama, da mai jan waƙa, da mai cike tsakiya, da ta ƙasa, sai mai fiyano. In ɗaya ya yi aure ya gaji da hanya, ko maƙogwaro ya gaza, ko ajali ya zo, a nemo wani. Sarki goma zamani goma. Wanda ya zo yana neman wannan salon ya yi masa abin da tauraron mawaƙi guda ke yi, wanda in ya mutu shi ke nan, bai fahimci abin da yake saurare ba tun farko.

Za su ce ai Cathedrals, wata ƙungiyar mai irin wannan salon, ta ajiye sunanta a ƙarshen 1999 bayan rasuwar Glen Payne, mai jan waƙarta, kuma an yaba mata. Wannan zaɓin George Younce ne, mai muryar ƙasa a cikinta, da abokan tafiyarsa, lafiyarsa ma ta riga ta yi rauni, ba doka ba ce da ta hau kan kowa. Mutanen da ke ɗaga wannan misalin su ne kuma ke tururuwa zuwa sauraron Legacy Five da Signature Sound, waɗanda tsofaffin 'yan Cathedrals ɗin suka kafa.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara ba ni haushi a lamarin Blackwood musamman. Cecil ya riƙe ƙungiyar har rasuwarsa a shekarar 2000, shekara 46 ke nan yana cikinta. Sunan ya ɗan kwanta, sai Jimmy, ɗan James, wanda shi ma ya daɗe yana jan waƙa a cikinta tun mahaifinsa na raye, ya sake tayar da ita a 2004. Da ya huta a 2012 ƙanensa Billy ya karɓa. Waɗannan mutane a cikin motar safar nan suka girma. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mu da muke cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, da wane baki za mu kalli ɗan James Blackwood mu ce masa ba shi da hurumin ɗaukar sunan gidansu? Kuma da ma babu jinin Blackwood ko ɗigo a cikinta, hujjata ba za ta canza ba, tunda baren da aka ɗauko ne suka kai sunan inda ya kai.

Gaskiyar da ba sa so a faɗa ita ce ƙuruciyarsu suke makoki. Kowa zubin da ya tarar yana da shekara ashirin shi ne na gaske a wurinsa. Wanda ya tashi da Bill Lyles ya raina Sumner da farko, wanda ya tashi da Sumner ya raina wanda ya biyo bayansa. Babu laifi mutum ya yi kewar zamaninsa, ni ma ina yi. Laifin shi ne ya ɗauki kewar tasa ya mayar da ita hukunci a kan mutanen da ke kwana a hanya suna yi wa ƙananan majami'u waƙa, ya ce musu ba su wanzu ba. Wannan rashin adalci ne, kuma ragwancin tunani ne. Mafi yawan masu yanke hukuncin ba su zauna sun saurari na yanzun daga farkon taro zuwa ƙarshe ba ko sau ɗaya.

In ana neman abin damuwa na gaske, yana nan. Zuriyar gidan ta yaɗu, kuma rassa daban-daban sun kafa ƙungiyoyinsu, kowace da kalmar Blackwood a sunanta. Kowa cikinsu yana da haƙƙin sunan ubansa, ban musa ba. Amma tsohuwar da ta ga sanarwa a ƙofar coci ta sayi tikiti ba lallai ta san wace ce za ta zo ba, kuma wannan ruɗanin ne ke ba masu cewa "saura suna" abin kamawa. Ya kamata 'yan gidan su zauna su daidaita wannan a tsakaninsu. Masu shirya taruka kuma su riƙa rubuta sunayen mutum huɗun da za su hau dandali a jikin sanarwar, da gurbin kowannensu, har da mai fiyano.