Kafin ki sake sayen wani gwangwanin madara

A ganina, yawancin jariran da ake ta sauya wa madara a gidajenmu, ba madarar ce ke damun su ba. Na san maganar nan ba za ta yi wa uwar da ta kwana tana jijjiga yaro daɗi ba, amma ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin ku yi mini ca.

Abin da ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Jariri ya yi sati biyu ko uku, sai ya tsiri kukan yamma. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i ba a jin komai sai muryarsa. Ya tanƙwashe ƙafafu zuwa ciki, fuska ta yi ja, yana yunƙuri yana fitar da iska, in ya sha ya yi tumbiɗi. Kafin gari ya waye an yanke hukunci: madarar ce ba ta karɓe shi ba. Kaka ta ce a koma wadda aka bai wa yayansa. Maƙwabciya ta ce wancan mai ruwan zinaren ya fi. A zauren WhatsApp na mata wata ta rantse da Allah cewa da ta sauya, ɗanta barci ya yi har asuba. Mai kemis kuma, da yake shi ciniki ya fito yi, ya miƙo mafi tsada. Kafin a ankara an tara gwangwani huɗu a kan durowa, kowanne an ci rabi, yaro kuma bai fasa kukansa ba.

Wannan kukan likitocin yara sun san shi tun da daɗewa. A 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya siffanta shi da lafiyayyen jariri mai kuka sama da awa 3 a rana, aƙalla kwana 3 a mako, har tsawon mako 3. Yakan fara wajen sati 2, ya kai maƙura wajen sati 6, sannan ya lafa da kansa tsakanin wata 3 zuwa 4. Mai shan nonon uwa zalla yana yi, mai shan madara ma yana yi. To ku duba lissafin da kyau. An fara sauye-sauye a sati na uku, an sauya a na biyar, an sake a na bakwai, gwangwani na huɗu ya zo a wata na uku lokacin da kukan dama zai wuce. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Daga ranar wannan uwar ta zama mai tallan madarar kyauta, duk wadda ta haihu a dangi sai ta ce mata ita ce maganin ciwon ciki. Ba ƙarya take yi ba, abin da idonta ya gani take faɗa, sai dai lokaci ne ya yi aikin.

Tumbiɗi ma haka. Ƙofar tumbin jariri ba ta gama ƙwari ba, abincinsa ruwa ne, kuma kusan kullum a kwance yake. Dole wani abu ya dawo. In yana ƙiba, yana jiƙa famfas aƙalla sau 6 a rana, yana wasa in ya huta, to tumbiɗin nan wanki ne kawai ya ƙaru wa uwa. Yawanci yana raguwa da zarar yaro ya fara zama, ya ɗauke wajen shekara ɗaya.

Sannan ga abin da masu sayarwa ba za su gaya miki ba. Madarar jarirai mai lamba 1, wadda ake bayarwa daga haihuwa zuwa wata 6, tana da ƙa'idar da hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa, ta faɗi mafi ƙaranci da mafi yawan abin da za a zuba na kowane sinadari. Kowane kamfani a cikin wannan da'irar yake juyawa. NAN, SMA, Cow & Gate, Aptamil, Lactogen, duk na yau da kullum ɗin su daga nonon saniya aka yi su. Akwai ɗan bambancin mai da wasu ƙananan abubuwan da ake ƙarawa, shi ya sa kashin yaro kan sauya launi ko tauri in an canza. Amma in har cikin yaro bai jituwa da nonon saniya, barin wannan gwangwanin a kama wancan an gudu ne ba a tsira ba. Kuma tsada ba shaidar inganci ba ce. Mai lambar NAFDAC, wanda kwanan watansa bai wuce ba, bakinsa a like, ya isa. Ba banza ba tun 1981 taron lafiya na duniya ya shimfiɗa ƙa'idoji a kan tallan madarar jarirai, saboda an ga yadda talla ke juya tunanin iyaye mata.

Inda nake so mu daɗe shi ne wajen haɗawa, domin a nan na fi ganin ɓarna. Na je duba wata ƙanwata mai jego da tagwaye, nononta bai isar su ba ana haɗa musu da madara. An sauya gwangwani saboda wai Hassan ba ya kashi sai da kuka. Ina zaune yarinyar da ke taya ta aiki ta ɗauko fida. Ta fara zuba garin madara, cokali a tulle kamar mai auna gero ga ɗan uwa, sannan ta tsiyaya ruwan filas har zuwa layin. Cokalin ma ba na sabon gwangwanin ba ne, na tsohon ne, wai ya fi daɗin riƙewa. Da aka kifa fidar sai madara ta zubo kamar an buɗe famfo, ashe an ƙara wa kan fidar huji da allura don yaro ya daina wahalar zuƙa. Na ce mata, ƙanwata, wannan ko wace madara kika kawo haka zai yi. Ta ce, Yaya, wallahi ni ban taɓa lura ba, in dare ya yi ido a rufe nake haɗawa.

Ruwa ake fara zubawa, a duba layin, sannan gari. Cokalin da ya zo a cikin gwangwanin shi ne nasa, kuma a shafe bakinsa ya zama daidai, ba a dannawa ba a tullawa. Yawancin waɗanda ake sayarwa a nan cokali 1 ne ga ruwa mililita 30. Amma da yawa daga waɗanda 'yan uwa ke aikowa daga Amurka cokalinsu babba ne, 1 ga mililita 60. Wadda ta saba da lissafin farko ta ɗora shi a kan na biyu ta ninka kaurin madarar ba ta sani ba. Madara mai kauri fiye da ƙa'ida tana busar da kashi, tana ɗora wa ƙodar jariri nauyin da ba za ta iya ba, a garin da zafin watan Afrilu ke sa babba ma ya galabaita.

Ruwan kuma a tafasa shi, a bar shi ya ɗan huce amma kada ya wuce minti 30, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Dalili shi ne garin madarar kansa na iya ɗauke da ƙwayar cuta tun daga masana'anta. A 2022 an rufe wata babbar masana'antar kamfanin Abbott a garin Sturgis na jihar Michigan saboda zargin irin wannan ƙwayar cutar, har madarar jarirai ta yi ƙaranci a Amurka na tsawon watanni. In can abin ya faru, ina ga gwangwanin da ya sha rana a shagon bakin titi? Bayan an haɗa sai a sanyaya fidar a cikin ruwa, a ɗiga a hannu a ji. Abin da yaro ya sha ya rage a zubar, wanda aka haɗa ba a taɓa ba kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye. Na san zubar da madara a wannan tsadar yana da ciwo, shi ya sa gara a riƙa haɗa kaɗan kaɗan. Sauran madarar da ta kwana a fida ita ce ke kawo zawon da ake ɗora wa kamfani.

Yawan da ake ba shi ma abin dubawa ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen mililita 150 ne ga kowane kilo na nauyin jariri a kwana ɗaya. Mai kilo 4 ke nan yana buƙatar kusan mililita 600, in an raba sau 8 kowane sha bai wuce 75 ba. Mu kuwa da ya buɗe baki sai a cusa fida, sai ya shanye 120 ake cewa ya ƙoshi. Ciki ya cika ya batse, ya yi amai, ya yi kuka, a sake ba shi don ya yi shiru. A ɗaga kansa yayin sha, a tsaya a tsakiya a sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a riƙe shi a miƙe na ɗan lokaci bayan ya gama. Wannan kaɗai ya kwantar da yara da yawa.

Maza, ku ma da ku nake. Gwangwani mai giram 400 bai wuce kwana 5 ba a wajen jariri mai kilo 4. In maigida ya fara tsaki yana cewa har ta ƙare, abin da uwa za ta yi a ɓoye shi ne ta rage cokali ta ƙara ruwa, ko ta koma madarar shayi irin su Peak da Dano da Cowbell, waɗanda ba a yi su don jariri ba, ko ta fara ɗura masa koko tun bai kai ba. Yaro ya yi ta kukan yunwa ana cewa ciwon ciki ne. Kuɗin da ake ɓatawa a gwangwanin gwaji da aka bari rabi, da an tsaya a kan guda ɗaya mai sauƙin kuɗi an haɗa shi daidai, da ya fi wa kowa.

Ban ce babu yaran da madarar ke cutarwa da gaske ba. Akwai su, kusan 2 zuwa 3 a cikin 100, waɗanda jikinsu ke faɗa da furotin ɗin nonon saniya. Su alamarsu ta wuce kuka: jini ko majina a kashi, ƙuraje da ƙaiƙayi a kumatu da gaɓɓai, amai mai yawa, zawo mai naci, nauyi ya tsaya a katin awo. Waɗannan madara ta musamman likita ke rubuta musu, wadda aka farfasa furotin ɗinta. Tana da ɗaci da wari, kashi kan yi ruwa ya yi kore, kuma sai an ba ta sati 2 zuwa 4 kafin a yanke hukunci. Madarar akuya ba ta maye gurbinta, domin furotin ɗinsu dangin juna ne. Ta waken suya ba a so a bai wa wanda bai kai wata 6 ba sai da shawarar likita. Wadda aka cire wa sukarin madara kuma, da ake yawan miƙo wa mutane a kemis, amfaninta ya fi yawa bayan yaro ya yi zawo mai tsanani, na ɗan lokaci. Nonon uwa ma ya fi na saniya yawan wannan sukarin, kuma shi Allah ya tsara wa jariri.

Akwai kuma alamun da ba a tsayawa neman shawarar kowa a kansu. Amai kore, aman da ke feshi da ƙarfi bayan kowane sha musamman tsakanin sati 2 zuwa 8, zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, ƙin shan komai, maɗiga ta faɗa, ciki ya kumbura ya yi tauri, yaro ya yi laushi ba ya ko iya kuka. Wannan asibiti ne kai tsaye, ko da tsakar dare.

Don Allah kuma a bar ɗura wa jariri jiƙo da zuma da magungunan ciwon ciki barkatai. Zuma ba a bai wa wanda bai shekara ba. Wanda ya manta, ya tuna da maganin haƙorin nan My Pikin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009. Iyayen nan sauƙi suke nema wa 'ya'yansu.

Nonon uwa babu kamarsa, wata 6 zalla, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu kamar yadda Alƙur'ani ya ambata. Wadda take da nono ta sani cewa kowace fida da ta maye gurbin shayarwa tana rage ruwan nonon, don haka kada kukan yamma ya sa ta ɗauka nata ne bai isa ba. Amma a daina hararar mai riƙe da fida a gidan suna. Wata marainiya take reno, wata tagwaye ne ko 'yan uku, wata jinya take yi, wata ta yi iya yinta nonon ya ƙi zuwa. Ba wanda ke bin ta bayani, kuma ba gori take buƙata ba.

In an duba haɗawa, an gyara kan fida, an rage yawa, har yanzu hankalinki bai kwanta ba, je ki asibiti wajen likitan yara. Ki tafi da gwangwanin da cokalinsa da fidar, ki haɗa a gabansu su gani. Ki ɗauki hoton kashin a waya, ki riƙe katin awo. In sun ce a sauya daga ta yau da kullum zuwa wata irinta, ana iya yi kai tsaye, ko a riƙa musanya fida ɗaya bayan ɗaya na 'yan kwanaki, kowacce da nata cokalin, ba a cakuɗa gari biyu a gwangwani ɗaya. Sannan a ba sabuwar sati ɗaya zuwa biyu, a sake hawa sikeli kafin a ce komai a kanta.