A tambayi ɗalibi abin da ya gani da idonsa

A ƙarshen zangon karatu, jami'o'i da yawa kan raba wa ɗalibai takarda, ko su tura musu ta intanet, a ce kowa ya ba malaminsa maki daga ɗaya zuwa biyar. Sai a haɗa makin a saka a fayil ɗin malam. Ranar da za a zauna kan ƙarin girmansa ko sabunta kwantiraginsa, lambar nan tana kan tebur. Ina tare da masu cewa a saurari ɗalibai. Inda muka rabu shi ne ɗaukar wannan lamba a matsayin ma'aunin iya koyarwa.

A 2010, Scott Carrell da James West sun wallafa binciken da suka yi a kwalejin horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka. A can ɗalibi ba ya zaɓar malami, rarraba su ake yi, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, kuma dole kowa ya wuce zuwa kwasa-kwasan da aka gina a kan na farko. Malaman da ɗalibansu suka fi cin jarrabawar kwas ɗin farko su ne suka fi samun yabo a takardar. Amma da aka bi sawun ɗaliban zuwa gaba, sai aka ga na waɗannan malaman sun koma baya, na gogaggun malaman da ba su sha yabo ba kuma suka wuce su.

Duk wanda ya zauna a aji ya san yadda hakan ke faruwa. Akwai malamin da zai nuna maka inda tambaya za ta fito, ka haddace, ka ci, ka manta kafin hutu ya ƙare. Akwai kuma wanda zai sa ka yi ta fama da tambaya ɗaya har ka gane tushenta. Na farkon shi ake cewa "yana da kirki". Ba laifin ɗalibi ba ne, domin daɗin karatu ake ji nan take, amfaninsa kuwa sai daga baya yake bayyana. Ko a Jami'ar Harvard, wani gwaji da aka wallafa a 2019 ya nuna ɗaliban fiziks da aka sa suna warware tambayoyi da kansu a aji sun fi cin gwaji, amma a ganinsu sun fi ƙaruwa a ajin da suka zauna suna sauraron lacca.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsarin ke lalata jarrabawa ita kanta. Malam ke ba ɗalibi maki, ɗalibi ke ba malam maki, abu ya zama ba ni gishiri in ba ka manda. Ƙaramin malami mai kwantiragin shekara ɗaya, da iyali a wuyansa, me zai hana shi sassauta tambayoyi da sakin hannu wajen maki? Ba sai an yi yarjejeniya ba, kowa ya san abin da ke gabansa.

Ga kuma son zuciya. A wani kwas na intanet a Jami'ar Jihar North Carolina, malami namiji da malama mace sun yi musayar suna a wasu rukunonin ɗalibai. Ɗaliban ba su da yawa, amma sunan namiji ya fi samun maki, ko da wa ke bayansa. A 2018 wani mai sasanci a Kanada ya yanke hukunci cewa Jami'ar Ryerson (sunanta a lokacin) da ke Toronto ta daina amfani da irin wannan maki wajen auna ingancin koyarwa don ƙarin girma ko tabbatar da malami a aiki.

Duk da haka ba zan ce a yaga takardar ba. Akwai abubuwan da ɗalibi kaɗai ke shaida a kansu. Malam yana zuwa aji kuwa? Yana dawo da takardun gwaji da gyara a jiki, ko maki kawai ake gani a allo? Abin da aka tambaya a jarrabawa an koyar da shi? Yana wulaƙanta mai tambaya? Ya taɓa neman wani abu kafin ya ba da maki? Waɗannan a tambaye su ba tare da suna ba, kada malam ya ga amsa sai bayan ya miƙa sakamako, kuma wanda aka yi ta kuka da shi a bincike shi da gaske.

Ingancin koyarwa kuwa aikin 'yan uwansa malamai ne: su shiga ajinsa, su karanta tambayoyinsa, wani daga wata jami'a ya sake duba wasu takardun da ya yi wa maki. In kuma lallai ana son hukuncin ɗalibi a kan wannan, a jira shi shekara biyu, lokacin da ya shiga kwas ɗin da ke buƙatar abin da aka koya masa, sannan a miƙa masa takardar.