Alhaji Maƙo Da Jif Ɗin Haya

Alhaji Maƙo da Hajiyarsa sun sauka wani tsibiri mai zafi a tsakiyar teku, irin wanda kwalta ta zagaye bakinsa kawai, cikinsa kuwa sai duwatsu da kurmi da laka. A masauki aka ce musu akwai motar da ke kai baƙi yawo tare da ɗan jagora. Da Alhaji ya ji kuɗin sai ya ce a kai kasuwa, shi jif zai ɗauka haya ya tuƙa da kansa, wai don ya sha iskar 'yanci. Duk wanda ya san Alhaji ya san ba 'yanci ne ya dame shi ba.

A OFISHIN HAYA

AKAWU: Barka da zuwa, yallaɓai. Wace irin mota za a ba ka?

ALHAJI: Wadda ta fi kowace ƙarfi, kuma ta fi kowace araha.

AKAWU: Ai motoci biyu ka lissafa ke nan. Mai ƙarfin ga ta can, Land Cruiser. Mai arahar ga ta nan, Suzuki Jimny.

ALHAJI: Wannan 'yar kwalin ashanar?

AKAWU: Kar ka raina ta, ranka ya daɗe. Tun 1970 ake ƙera Jimny, kuma don daji aka yi ta. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 21 ne. Nauyinta bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba, shi ya sa take wucewa inda manya ke nutsewa.

HAJIYA: Bari Alhaji ya shiga, sai ka sake awon.

ALHAJI: Hajiya, ba da ke ake ba. Kawo fam ɗin.

AKAWU: Lasin fa?

ALHAJI: Ga na ƙasa da ƙasa nan. Duk duniya zan iya tuƙi da shi.

AKAWU: Wannan fassarar lasinka ce kawai, yallaɓai, ba ta aiki sai an haɗa ta da na asali. Kuma ka riƙa duba kwanan watanta: mai bin yarjejeniyar Janeba ta 1949 shekara ɗaya take yi, ta Biyana ta 1968 ce ke iya kaiwa uku. Ina na asalin?

ALHAJI: (yana lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya) Yanzun nan fa na gan shi...

HAJIYA: (ta zaro daga jaka) Yanzun nan ɗin shekaranjiya ce, a kan kujerar filin jirgi.

AKAWU: Sai inshora. Akwai ƙarama, akwai babba.

ALHAJI: Akwai wadda ba ta kai ƙaramar ba?

AKAWU: Babu. Amma ka sani ƙaramar ba ruwanta da taya, ba ruwanta da gilashi, ba ruwanta da rufi da ƙarƙashin mota.

HAJIYA: To da me take da ruwa?

AKAWU: Ƙofofi dai, Hajiya.

ALHAJI: Madalla. Ni dama ta ƙofa nake shiga.

AKAWU: Za mu riƙe kuɗin jingina a katin bankinka har ka dawo. Tanki a cike muka ba ka, a cike za ka maido. Sannan sharaɗi na tara: ba a hawa rairayin bakin teku da motarmu. Ko babbar inshorar ba ta san ruwan gishiri ba. Shawarata, ku ɗauki hoton motar tun yanzu, don gudun musu.

ALHAJI: Yauwa! Yau ka faɗi magana mai amfani kuma kyauta. Hajiya, ɗauke ta ciki da bai. Hau dakalin can ki ɗauko rufin ma. Na san halin masu haya, tsohon tabo za su laƙaba wa bawan Allah.

(Hajiya ta hau dakali ta ɗauki rufin har sau uku. A riƙe wannan, zai dawo.)

AKAWU: Saura ƙaramar giyar nan ta kusa da babba. 2H ta kwalta ce, ƙafafun baya kaɗai ke ja. 4H ta tsakuwa da laka. 4L ta hawan tudu mai tsini da wurin da ya yi tsanani, kuma sai ka tsaya cak ka sa firi kafin ka shigar da ita. Kar ka bar ta a ƙafa huɗu kan busasshiyar kwalta, domin...

ALHAJI: Yaro, ina tuƙi tun kana zanen goyo.

AKAWU: To. A nan dai hagu ake bi, kamar Jamaika da Fiji da Morishas.

ALHAJI: Hanya ai hanya ce.

(A bakin ƙofa wani dattijo na zaune kan kututture, da malafa a ka.)

DATTIJO: Maigida, ko a raka ku? Na san tsibirin nan kamar yunwar cikina.

ALHAJI: Baba, mun gode. Muna da taswira a waya, ita ba ta karɓar ko kwabo.

DATTIJO: To shawara ɗaya, ita ma ba kwabo. Yau wata ya cika, ruwa zai ja baya sosai, kuma zai dawo sosai. Ƙarfe huɗu kar ta same ku a rairayi.

ALHAJI: Ji wani zance. Teku ce ke da agogo?

DATTIJO: Awa shida da 'yan mintoci tana tafiya, awa shida da 'yan mintoci tana dawowa. Ban taɓa ganin ta makara ba.

A KAN HANYA

HAJIYA: Alhaji, hagu! Hagu aka ce!

ALHAJI: Ina sane. Gwada burkin mai babbar motar can nake yi.

HAJIYA: To me ya sa kake share gilashi, rana tsaka ba ko ɗigon ruwa?

ALHAJI: Sigina na taɓa. Su ne suka sauya mata gefe don mugunta.

HAJIYA: Ita kuma motar me ya same ta take tsalle a kwana kamar akuya? Ji tayoyin na kuka.

ALHAJI: Ƙarfi ne ya yi mata yawa.

HAJIYA: Kai, a 4H ka sa ta! Ba kwalta muke kai ba?

ALHAJI: Kuɗin ƙafa huɗu na biya. In biya huɗu, biyu su yi aiki, biyu su zauna suna hutawa?

HAJIYA: Ga shi a takardar da ka ƙi karantawa. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya. In ka ɗaure su wuri ɗaya, a laka sai su ɗan zame su huce. A kwalta ba wurin zamewa, sai ƙarfen ciki ya riƙa murɗewa. Ƙarfen ciki kuwa a ƙarƙashin mota yake, inda inshorarka ba ta leƙawa.

(Kafin ta rufe baki giya ta koma 2H. Ba hujja ce ta kama Alhaji ba, kalmar inshora ce.)

ALHAJI: Wayar nan ta daskare. Ina sabis ya shiga?

HAJIYA: Tun da muka bar kwalta ya yi mana sallama. Karɓi tawa, na sauke taswirar tun a masauki.

ALHAJI: Dama abin da nake shirin ce miki ke nan. To ga rafi ya tare hanya. Riƙe da kyau, da gudu ake ratsa shi.

HAJIYA: Wallahi ba da ni ba. Sauka ka taka shi da ƙafa tukuna.

ALHAJI: Ni? Da sabon wandona?

HAJIYA: Inji iska yake shaƙa. In ya shaƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa, sai ƙarfen fistin ya lanƙwashe. Zaɓi ɗaya: wando ko inji.

(Alhaji ya yi lissafi a zuci, ya naɗe wando. Ruwa iya ƙauri. Suka ratsa a hankali da 4L lafiya lau, ban da takalminsa ɗaya da ya bi rafi.)

A BAKIN TEKU

Wajen ƙarfe uku suka ɓullo wata gaɓa. Ruwa ya ja baya can nesa, ya bar farin rairayi shimfiɗe kamar an share. Gaskiya wurin ya yi kyau, ko ni ne sai zuciya ta raya min wani abu.

ALHAJI: Allahu Akbar! Dubi titi kyauta, ba rami ba ɗan sanda. In muka bi nan mun yanke rabin hanya, mun tsira da rabin mai.

HAJIYA: Sharaɗi na tara.

ALHAJI: Sharaɗi na tara yana ofis. Wa zai gaya masa, kaguwa?

HAJIYA: Tunda ka rantse sai ka shiga, rage iskar taya. In ta yi laushi tana baje ƙafa a kan rairayi.

ALHAJI: In zubar da iskar da na biya?

(Mita hamsin suka yi. Motar ta yi tsaye, ta yi nishi, ta zauna.)

HAJIYA: Ɗaga ƙafarka daga totur!

ALHAJI: Yanzu za ta fita. Ji yadda take ruri.

HAJIYA: Rijiya take haƙawa, Alhaji. Dubi, cikinta ya kwanta a ƙasa. Santimita 21 ɗin nan ka cinye su tas.

ALHAJI: Hajiya... wancan ruwan, da can a wurin yake?

HAJIYA: A'a. Ƙarfe nawa?

ALHAJI: Huɗu saura kwata.

HAJIYA: Ashe dai tana da agogo.

(Ana wata ga wata, sai ga ƙarar tarakta. A kanta malafa, a ƙarƙashin malafa dattijon ɗazu.)

DATTIJO: Sannunku da hutawa, maigida. Yaya taswira?

ALHAJI: Baba! Allah ne ya kawo ka. Ashe kana da tarakta?

DATTIJO: Da safe ni ɗan jagora ne. Wanda ya ƙi ni da safe, da yamma nakan same shi a nan. Wannan sana'ar ma ta fi ciyar da ni.

ALHAJI: Nawa za ka ja mu?

DATTIJO: Kuɗin jagora sau biyu.

ALHAJI: Haba Baba, ka ji tsoron Allah! Rabi.

(Igiyar ruwa ta zo ta lashi ƙafar Alhaji mara takalmi, ta koma.)

DATTIJO: Sau uku.

ALHAJI: Yanzu fa ka ce biyu!

DATTIJO: Lokacin taraktata ba za ta taka gishiri ba. Yi cinikinka a tsanake, ni ba na sauri. Ita ce mai sauri.

HAJIYA: Baba, mun yarda da ukun. Alhaji, in ka sake buɗe baki sai ya zama huɗu.

DATTIJO: Madalla da 'yata. Karɓi geji na awon iska, ki sauke iskar kowace taya har ya nuna 18. Kai kuma maigida, ga shebur, kwashe rairayin da ke gaban tayoyi da ƙarƙashin cikinta. A'a, cire igiyar nan daga bamba! So kake in tafi da bamba in bar muku mota? Ga ƙugiyar ja nan a ƙasa, jikin shasi.

ALHAJI: To bari in shiga in riƙe sitiyari.

DATTIJO: Ƙafarka ta yi nauyi. 'Yata, kin iya tuƙi?

HAJIYA: Shekara goma sha biyu da lasin, Baba. Ba a dai taɓa tambayata ba.

DATTIJO: Sa 4L, ki taka kamar ƙwai ne a ƙarƙashin totur.

(Ko minti biyu ba a yi ba mota ta hau tudu. Alhaji ya biyo baya a guje da shebur a kafaɗa, teku na bin dugadugansa.)

DATTIJO: Ga famfo, ku mayar da iska kafin kwalta, in ba haka ba taya za ta yi zafi ta lalace. Ku wanke ƙarƙashinta da ruwan daɗi yau ɗin nan, gishiri ba ya jiran gobe. Kuma ku kama hanya, a nan kusa da tsakiyar duniya rana na faɗuwa wajen shida, duhu kuwa ba ya sallama.

ALHAJI: Famfon ma da kuɗi?

DATTIJO: Iskar kyauta ce. Bugawar kuma kai za ka yi.

WASHEGARI

Hajiya ce ta tuƙo su gida. Alhaji ya kwana wanke ƙarƙashin mota da tocila a baki, har ba sauran ƙwayar rairayi. Da aka ce wurin ajiye motoci na masauki sai an biya, ya samo wata inuwa kyauta a gindin bishiya ya ajiye ta.

AKAWU: Mai a cike. Tayoyi lafiya. Ƙarƙashi kuwa tsaf, har ya fi yadda muka ba ku. Ba ku dai je rairayi ba ko?

ALHAJI: Rairayi? Akwai rairayi a tsibirin nan?

AKAWU: (ya hau dakali) Yallaɓai, wannan lotsawar fa a rufi? Kamar an ajiye ƙwarya.

ALHAJI: Tsohuwa ce! Da ita kuka ba ni. Na faɗa tun jiya, na san halinku. Allah ya sa muna da shaida. Hajiya, nuna masa hoto!

HAJIYA: Alhaji, ka tabbata?

ALHAJI: Nuna masa, a yi ta ta ƙare!

AKAWU: (yana duba waya) Hoto uku, rufi sumul kamar madubi. Hajiya, hannunki na da kyau. Gindin wace bishiya kuka kwana?

HAJIYA: Kwakwa.

AKAWU: Ai kuwa ga ta nan maƙale a bayan safaya. Ƙaramar inshora, yallaɓai, rufi ba ya ciki. Jinginar ta tafi.

(Alhaji ya yi shiru har akawu ya fara tausaya masa. Can sai ya miƙa hannu.)

ALHAJI: Miƙo min kwakwar.

AKAWU: Na'am?

ALHAJI: Kwakwar nan. Kaf duniya ba wanda ya taɓa sayen kwakwa da tsadar da na sayi wannan. Hajiya, buɗe jaka. Kai kuma ara min adda, in ba haya za ka ce ba.