Rigimar GMO: Ina ƙungiyoyin masana kimiyyarmu suka shige?

Tun da aka amince da masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayoyin gado (abin da ake kira GMO), a watan Janairun 2024, saƙonnin murya ba su daina yawo a WhatsApp ba. Wannan ya ce irin yana kashe ƙasa, wancan ya ce yana hana haihuwa, wani kuma ya rantse Turawa ne suka turo shi don rage yawanmu. Har Majalisar Wakilai ta tsoma baki ta nemi a yi bincike. Ba masu yaɗa jita-jitar ne suka fi ɓata mini rai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ra'ayin da nake ji daga bakin wasu malaman jami'a, wai ba aikin ƙungiyar masana ba ne ta shiga hayaniyar kasuwa, nata shi ne taron shekara da buga mujalla.

To aikin wa ne?

Masarar nan a gida aka yi aikinta, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, don maganin tsutsar da ke huda kara da kuma wadda ta ɓulla a 2016 tana cinye gonakin masara. Kafin ita, a 2019, cibiyar ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar da ke lalata fure da kwanson wake. An ɗauko wata ƙwayar gado ce daga wata ƙwayar halitta da ke zaune a cikin ƙasa, aka sa wa shukar, sai take samar da sinadarin da ke lalata cikin tsutsar idan ta ci. Wannan sinadarin an daɗe ana fesa shi a gonaki a sassan duniya. Bayanin bai fi ƙarfin minti biyar a rediyo ba. Manomin Saminaka nawa ne ya taɓa jinsa da Hausa daga bakin farfesa?

Masu cewa ƙungiya ta tsaya a ɗakin gwaji sun manta dalilin kafa irin waɗannan ƙungiyoyi. Royal Society ta Landan, wadda aka kafa a 1660, ta ɗauki taken da ke nufin kada ka karɓi zance don kawai wane ne ya faɗa. A 1665 aka fara buga mujallarta, don duk wanda ya yi iƙirarin gano wani abu ya baje hujjarsa a fili, wasu su sake gwadawa. Daga nan kimiyya ta samu ƙarfinta: masani ba ya zama alƙalin kansa, takwarorinsa ne ke bin aikinsa da ƙwaƙƙwafi. Kuma wannan shi ne ainihin abin da talaka ke buƙata daga ƙungiya. Kamfanin iri yana da abin sayarwa. Cibiyar da ta samar da irin tana kare aikinta. Hukumar da gwamnati ta kafa a 2015 don sa ido kan irin waɗannan tsirrai, ita ta ba da izini, dole ta kare sa hannunta. Ƙungiya irin Nigerian Academy of Science, da ke nan tun 1977, ita ce ba ta da buhu ko ɗaya a Dawanau. Idan ta fitar da matsayarta da Turanci a jaridun Legas ta koma ta zauna, ba ta sauke nauyin ba.

Masu cewa duk masaninmu ɗan koren Turawa ne, zancensu bai cancanci dogon martani ba. Amma tsoron jama'a yana da tushe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba. Wannan tabon yana cikin abin da ya ba jita-jitar rigakafin shan inna ƙarfi a 2003, har aka dakatar da rigakafin, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe, kuma sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Yara nawa suka shanye a tsakani? Shirun masana ba kyauta yake zuwa ba, kuma ba su ne ke biyan kuɗinsa ba.

Akwai kuma tambayoyi na gaskiya da hayaniyar ta binne. Nawa manomi zai riƙa kashewa kan iri, tunda masarar aure ce, ba a ajiye ta a sake shukawa ta ba da yabanya iri ɗaya? Shekara nawa za a yi kafin tsutsar ta saba da sinadarin? Me zai faru da irinmu na gargajiya? Waɗannan su ya kamata ƙungiyoyin masana su ɗora wa mambobinsu, su bi gonaki damina bayan damina, su faɗi abin da suka gani ko da bai yi wa gwamnati daɗi ba.

Su nemi fili a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Sakkwato, su zauna da malaman gona da limamai da masu unguwanni, su amsa tambaya da harshen da aka yi ta. Ƙungiyar da ke iya kama zauren otal don naɗa sababbin mambobi kowace shekara ba za ta rasa kuɗin sayen minti talatin a rediyo kafin faɗuwar damina ba.