Agogon ƙirga taku ba ya rage ƙiba da kansa

A Yamai ina yawan jin ana cewa mai ƙiba in ya ɗaura agogon nan mai ƙirga taku, shi ke nan, teɓa za ta zube. Da ɗan dalili, don yakan zaburar da mutum ya motsa. Amma ƙirga kawai yake yi, bai san abin da aka ci ba.

A 2016 Jami'ar Pittsburgh ta Amurka ta fitar da binciken mutum kusan 470, da suka shekara biyu suna rage abinci da motsa jiki. Masu ɗaura na'ura sun rage kilo 3.5, marasa ita kilo 5.9.

Ka yi tafiyar rabin awa a bakin kogi, agogo ya yaba maka, ka kwankwaɗi kwalbar lemo mai sanyi. Sukarinta ya kusan mayar da abin da ka ƙona.