Rangwamen harajin sola a Amurka da halin da ake ciki a gida

Tun da na zo Amurka da zama, ban ga tsarin gwamnati da ya sa masu gidaje lissafi kamar rangwamen harajin da ke cikin dokar da Shugaba Biden ya sanya wa hannu a watan Agustan 2022 ba. Har zuwa ƙarshen 2025, wanda ya kafa farantan sola ko batir a gidansa ana rage masa kashi 30 cikin ɗari na abin da ya kashe daga harajin da zai biya, wato idan aikin ya ci dala 20,000, dala 6,000 za ta fita daga wuyansa. Canza tagogi da ƙofofi da toshe kafofin da sanyi ke shiga ma a lokacin yana da nasa rangwamen, wanda bai wuce dala 1,200 a shekara ba. Dokar da Shugaba Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta tsayar da duka biyun daga ƙarshen shekarar 2025.

Sau da yawa 'yan uwa a gida Najeriya suna cewa da ma gwamnatinmu za ta kwaikwayi wannan, ni kuwa ban ga alfanunsa gare mu ba. Ko a nan, wanda ya mallaki gida, yake da kuɗin biya tun farko, kuma harajin da ke kansa yake da yawa, shi ya fi morewa, domin ba tsabar kuɗi ake miƙa wa mutum ba, daga abin da ake bin sa ake cirewa. Ɗan haya irina kallo kawai ya yi. To, ina ga tela a Fagge ko mai sayar da ƙanƙara a Zariya, wanda ba ya cike takardar harajin shekara balle a rage masa wani abu a ciki?

Bambanci na biyu ya fi wannan girma. Ba'amurke yana sa sola ne don ya rage kuɗin wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa don mu samu wutar ne gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya gagari mutane da dama, kuma duhun da ya rufe yawancin Arewa a watan Oktoban 2024, bayan lalata babban layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, ya isa ya shawo kan kowa. Ba sai an kwaɗaita mana ba, kuɗin ne babu.

A ganina, inda hannun gwamnati zai taɓa talaka shi ne tashar jiragen ruwa, ta sauke kuɗin fito a kan batir da inbata, tunda batir ne ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin haɗa sola, sannan ta tsaya wa bankuna su ba da bashin da za a riƙa biya wata-wata daidai da abin da gida ke kashewa a kan fetur.